Kurakuran da ke kashe titunan Kano tun kwanansu bai ƙare ba

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a cikin Birni ya san aikin da ake yi idan bazara ta kama. Maigida zai sa a hau soro a duba indararo, a toshe inda ya tsage, a kwaɓa ƙasa a yi wa bango yaɓe. Ba mai jiran katanga ta zube kafin ya nemo magini, domin kowa ya san kuɗin yaɓe daban, kuɗin sabon gini daban. Titin kwalta ma haka yake buƙata, amma mu mun ɗauke shi tamkar dutse: a shimfiɗa, a yi bikin buɗewa, a juya masa baya. Abin yana ci mini rai, saboda yawancin titunan da muke kuka da su a Kano da an cece su da kuɗi kaɗan, in da an zo musu a kan lokaci.

Kuskure na farko, kuma uban sauran, shi ne jiran rami. A wurinmu titi ba ya shiga lissafin gyara sai ya fara karya motoci, mutane sun kai kuka gidan rediyo. A lokacin kuwa aikin gama ya gama. Baƙar kwaltar da muke gani fata ce kawai, kaurinta a yawancin titunan cikin gari bai wuce 'yan santimita ba. Masu ɗaukar nauyin suna ƙarƙashi, wato tsakuwa da marmarar da aka daddaɓe. Aikin kwalta shi ne ta hana ruwa isa gare su. Zafin ranar Maris da Afrilu yana busar da ita shekara bayan shekara har ta yi tauri ta fara tsagewa, siririyar tsaga kamar zare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan damina ya bi tsagar ya jiƙa marmara, taya ta taka, ƙasan ya motsa, tsagar ta yi rassa har wurin ya koma kamar fatar kada. Daga nan ɓallewa ce ta rage. Shi ya sa titi zai yi shekaru yana nan sumul, sannan cikin damina biyu ya zama abin tausayi.

Tun a 1988 Bankin Duniya ya yi lissafin wannan asara a ƙasashe 85 masu tasowa: hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 sun lalace, alhali da an kashe kimanin dala biliyan 12 wajen kula da su da ba a kai ga haka ba.

Gyaran shi ne a juya tsarin, a daina jiran rami. Kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa, injiniyoyi su taka titunan da ƙafa su kasa su uku: masu lafiya, masu fara tsagewa, da waɗanda suka riga suka mutu. Kuɗin kulawa ya fara zuwa ga kashi na biyu. A cike tsagogi da narkakkiyar kwalta, a yi feshin kwalta a watsa ƙananan tsakuwa a bi da rola, titin ya sami sabuwar fata. Na san wannan magana tana da ɗaci. Mutumin da layinsu ya zama kududdufi zai ga ana aiki a kan titin da a idonsa lafiyarsa ƙalau, ya ce son kai ne. Haƙƙinsa ne a yi masa bayani, kuma a kawo greda da marmara a daidaita masa hanya ya samu ta wucewa kafin a samo kuɗin sake ginawa. Amma idan aka zuba duk abin da ake da shi a kan matattun tituna biyu, masu tsagewa goma za su bi sahunsu kafin a gama.

Kuskure na biyu shi ne raba titi da kwatarsa. Za ka ga an kashe maƙudan kuɗi a kan kwalta, magudanar da ke gefenta kuwa cike take da yashi da ledar fiya wata da robobin lemo. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Kano, ruwan da ya rasa hanya sai ya hau titi ya kwana. Duk inda ruwa ya kwana a kan kwalta, ka sa masa alama, nan ramin baɗi zai fito. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ba za su manta da ambaliyar 2022 ba, wadda ta jiƙa musu kaya na dukiya mai yawa, kuma toshewar hanyoyin ruwa da gini a kansu na cikin abin da aka fi ɗora wa laifi.

Wani abin takaicin shi ne ko an yashe kwatar ma, sai a tara baƙin taɓon a bakin titi a tafi. Ya bushe, iska da ƙafa da tayoyin A Daidaita Sahu su baza shi, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. An yi wahala, an biya kuɗi, an koma gidan jiya. Yasar kwata ba ta cika ba sai tifa ta kwashe abin da aka fitar a ranar. Lokacinta kuma Afrilu ne zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, sannan a sake bi a tsakiyar damina, musamman bakin kwalbatoci inda shara ke taruwa.

A nan akwai matsalar rabon aiki. Hukumomin jiha uku ne: gyaran titi na hannun KARMA, shara na hannun REMASAB, izinin gini na hannun KNUPDA. Ruwa kuwa bai san wannan rabo ba. Abin da ya dace shi ne kowane babban titi a ba da shi ga mai kula guda ɗaya, da kwaltarsa da kwatarsa da kwalbatocinsa, na shekara uku ko biyar, a riƙa biyansa bisa yanayin da aka samu titin a ciki duk wata. In an zo duba an tarar da rami ko toshewa, a zaftare masa. Ɗan kwangilar da ya san shi zai biya kuɗin facin baɗi ba sai an roƙe shi ya yashe kwata bana ba. Mu ma mazauna gari da namu laifin: mai wankin mota da ke sakin ruwan sabulu a kan titi kullum, mai shagon da ya cike kwata da ƙasa don abokan ciniki su sami wurin tsallakawa, makanikin da ke zubar da baƙin mai da gas a kan kwalta, alhali man yana narkar da ita.

Sai batun faci. A bara na tsaya a bakin layinmu ina kallon wasu ma'aikata suna cike wani rami da ya kai faɗin tabarma. An yi ruwa da asuba, ƙasan ramin duk caɓi ne. Ba su kwashe ruwan ba, ba su yanke gefen da ya ruɓe ba. Suka juye kwaltar da ta riga ta huce a bayan mota, ɗaya ya baza da shebur, direban ya yi gaba ya yi baya a kai sau biyu, suka wuce. Wani dattijo mai sayar da goro a wurin ya girgiza kai ya ce, “Wannan ko sati uku ba zai yi ba.” Bai kai ba. Ramin ya dawo ya fi da girma, ga tarkacen facin sun gangara cikin kwata.

Facin kirki yana da ƙa'ida, kuma duk mai wucewa zai iya gane shi. Ana yanke wurin da inji ya fita kusurwa huɗu, har a shiga cikin kwalta mai lafiya. A haƙe duk abin da ya jiƙe, in ƙasan ya lalace a sake zuba tsakuwa a daddaɓe. A share, a bari ya bushe, a shafa ruwan kwalta a ƙasa da gefuna domin sabo ya kama tsoho. Sannan a zuba kwalta da zafinta, a bi da rola ko injin daɓe, hawa-hawa in ramin mai zurfi ne. In ka ga faci mai zagaye kamar faifai, gefensa a wargaje, ka san na ganin ido ne. Yaran da ke cike ramuka da ƙasa da ɓaraguzai suna miƙa hannu ga direbobi kuwa, ban ga laifinsu ba, giɓi suka gani suka cike. Da za a ɗauke su a koya musu aikin, a ba kowane rukuni kilomita biyu ko uku da baro da shebur da albashi, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Yanzu ga maganar kuɗi, inda nan ne gizo ke saƙa. Sabon aiki yana da allo da suna da ranar buɗewa. Cike tsaga ba shi da ko ɗaya, don haka shi ake fara yankewa idan aljihun gwamnati ya yi sanyi. Kano ta samu gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Gadon Ƙaya, Dangi, Hotoro da Sabon Gari, kuma sun rage cunkoso. Sai dai kowace ɗaya sabon baki ce da za a ciyar har abada: fitilu, mahaɗan kankare, hanyar fitar da ruwa daga gadar ƙasa. Bai kamata majalisa ta amince da sabon titi ba sai an rubuta abin da kula da shi zai ci duk shekara da inda kuɗin zai fito.

Ko a matakin tarayya haka labarin yake. An kafa FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, a 2002, aka yi wa dokarta kwaskwarima a 2007 aka tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da gas domin kula da hanyoyi, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi FERMA, kashi 60 ga hukumomin gyaran tituna na jihohi. Shugabannin hukumar sun sha kokawa a gaban majalisa cewa ba a aiwatar da wannan tanadi ba. Sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 ya taimaka, amma manyan ayyukan gini da sake gini ya tafi. Ghana kuwa tun 1985 take da asusun hanyoyi, ta ƙarfafa shi da doka a 1997, kuma harajin mai ne babbar hanyar shigarsa. Su ma suna kukan ana taɓa kuɗin, wanda ke nuna cewa kafa asusu kaɗai bai isa ba sai an yi masa katanga.

Jiha ba sai ta jira Abuja ba. Za ta iya yin dokar da za ta ware wani kaso na kuɗin sabunta takardun mota, da na tashoshi da wuraren lodi, da na izinin haƙa titi, ya shiga asusu guda da ba a taɓa shi sai don kula da tituna. A sa wakilan direbobi da 'yan kasuwa da injiniyoyi a kwamitinsa, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku. Lokacin sakin kuɗin ma yana da muhimmanci kamar yawansa. Aikin kwalta na rani ne, daga Nuwamba zuwa Mayu. Kuɗin da aka saki a Yuli ko dai ya zauna, ko a binne shi a cikin caɓi. Ga shi yawancin ɗanyar kwaltar da ake aiki da ita daga waje ake shigo da ita, duk da tarin da Allah ya ajiye a jihar Ondo, don haka farashinta dala yake bi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk watan da aka jinkirta, kuɗin da aka ware yana sayen ƙasa da abin da aka yi niyya.

Wani kuskuren shi ne yi wa duk motoci kuɗin goro. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna ɓarnar da nauyi ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyin, ninkuwa take yi. Layin tayoyin da ya kamata ya ɗauki tan 10, in aka ɗora masa tan 13, ɓarnarsa ta kusa ninki uku. In tan 20 ne, ninki 16. Ƙananan motoci da babura kusan ba sa cikin lissafin. Tirelar da aka yi wa lodi fiye da kima daga Dawanau ko Singa ita ce ke lotsa titi. A sa sikeli a inda ake lodin, domin tare mota a tsakiyar gari bayan ta gama ɓarna ba ya gyara komai. A keɓe wa manyan motoci hanyoyinsu, a kuma yi kankare ko intalok mai kauri a mahaɗu da ƙofofin kasuwanni, inda suke tsayawa suna murza taya.

Masu yanka titi don shimfiɗa bututun ruwa ko wayar intanet su ma a ɗaure su da sharaɗi: su ajiye kuɗin jingina kafin su sa diga, kada a mayar musu sai wurin ya ga damina ɗaya bai lotsa ba.

Akwai kuma titunan da ba a san mai su ba. Hanyoyin Najeriya kashi uku ne, na tarayya, na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma mafi yawansu a tsawo na ƙananan hukumomi ne, waɗanda su ne mafi ƙarancin injiniya da kayan aiki. Birnin Kano kaɗai ya ratsa ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Layi ɗaya zai iya farawa a wata ya ƙare a wata, kowa na cewa na wancan ne. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 na cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, tambayar wa ke da alhakin wane layi ta ƙara nauyi. Ana buƙatar rajista guda: sunan kowane titi, tsawonsa, shekarar da aka gina shi, ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe, da hukumar da ke da shi. A kafa ƙaramin allo a bakinsa ɗauke da sunan hukumar da lambar da za a kira.

Kafin a kai ga haka, ƙungiyar unguwa na iya fara nata. A zagaya layin a watan Maris tare da mai unguwa, a ɗauki hoton kowace tsaga da kowane kwalbatin da ya toshe, a rubuta kusa da gidan wa ko shagon wa yake. A kai takardar ofishin ƙaramar hukuma da na hukumar gyaran tituna, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, a ba kansila nasa. Sannan a sa ranar gayyar yasar kwata a Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen Afrilu, a kuma tabbatar an yi magana da mai tifa tun kafin a sa shebur a ciki.