Darasi na Tara: Riƙon Mutane Idan An Ba Ka Shugabanci

A ajinmu na yaƙi da jahilci da wuya ka sami wanda ba ya shugabantar kowa. Wannan ita ce uwar adashin unguwarsu, wancan shi ke raba layi a tashar 'yan acaɓa, wani yana da yara biyar a shagon ɗinki, wata kuma uwargida ce a gidan da ake dafa tiya biyu kullum. Saboda haka kada wani ya ce wannan darasi na gwamna ne ko na hakimi. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. A wani hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito kuma, ko mutum uku ne suka fita tafiya, an ce su naɗa ɗayansu ya zama shugaba.

Malami zai karanta darasin sau ɗaya da ƙarfi. Daga nan kowa ya ɗauki sakin layi ɗaya ya karanta, a hankali, ba gaggawa.

Madugu uban tafiya

Kakanninmu fatake sun riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su sayo goro a kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da kaya da mutane masu yawa. Shugaban ayarin shi ne madugu. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, yana da uban dawaki mai taimaka masa wajen abin da za a biya sarakunan da aka ratsa ƙasarsu, akwai kuma malamin ayari. Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne, falke da kansa yake zaɓar ayarin da zai bi. In madugu ya yi suna da cin amana ko wulaƙanta mutane, baɗi sai ya ga ayarinsa ya ragu.

Haka mutanenku suke. Ba albashi kuke biyansu ba, ba ku da ɗan sanda, ba ku da kurkuku. Ranar da suka gaji da ku, ba sai sun yi faɗa ba, sai dai ku ga ana ta ba da uzurin rashin zuwa taro. Halinku ne igiyar da kuke riƙe da su.

Abin da ya faru a ƙarƙashin darbejiya

Shekarun baya an zaɓe ni shugaban wata ƙaramar ƙungiyar manoman rani a garinmu. Mun haɗa kuɗi mun sayi injin ban ruwa, kowa kuma yana ba da kuɗin mai duk mako. Akwai wani dattijo, sa'an mahaifina, da ya yi mako uku bai biya ba. Ranar taro, bayan la'asar, muna zaune a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya, na buɗe littafi na kira sunansa, na ce, "Baba, mako uku ke nan. In ba za ka iya ba ka faɗa mana mu ba wani layinka na ruwa."

Bai ce uffan ba. Ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya mayar da ita. Sannan ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, bai ma tsaya sawa ba, ya tafi. Wurin ya yi tsit. Bayan an watse ma'aji ya ja ni gefe ya ce matar dattijon tana kwance a asibiti, har ya sayar da awakinsa biyu.

Bayan isha'i na je zaurensa na durƙusa. Na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini." Ya ce, "Ɗana, na yafe maka. Amma da ka tare ni a hanyar fadama ka tambaye ni, ai da na gaya maka." Ya biya bashinsa kaf da ya ɗebe tumatir. Sai dai bai sake zama a sahun gaba ba, 'ya'yan ƙanensa biyu kuma suka fice daga ƙungiyar. Har yau in na tuna takalman nan a hannunsa sai zuciyata ta yi nauyi. Kuɗin da nake bi haƙƙin jama'a ne, ban yi laifi da na nema ba. Inda na nema da yadda na nema su ne laifin. Magana zarar bunu ce.

Yadda ake gyara ba tare da an karya mutum ba

Ka fara da tambaya kafin hukunci. Ruwa ba ya tsami banza, kuma yawancin lokaci wanda ya saba zuwa ya daina, akwai abin da ya tare shi. Ka same shi shi kaɗai, a gona ko a zaure ko a hanyar dawowa daga masallaci. Idan mace ce ke shugabanci, ta shiga ɗakin 'yar'uwarta, kada ta aika yaro da saƙon bashi, domin yaro a tsakar gida zai faɗa, gaban kishiya da suruka.

Sannan ka ambaci aikin da ya ɓaci, ka bar halittar mutum da asalinsa. Karanta waɗannan jimloli biyu ka ji bambancinsu a bakinka:

"Kai dai malalaci ne, haka gidanku kuke."

"Malam, jiya layinka ne amma ba a kunna inji ba. Lafiya dai ko?"

Ta farko ba ta bar wa mutum ƙofar fita ba, dole ya kare kansa da gidansu, an bar zancen inji ke nan. Ta biyu tana ba shi damar ya yi bayani ko ya ba da haƙuri da mutuncinsa. In kun gama, kada ku rabu a kan "in Allah ya so za a gyara" kawai. Ku tsayar da rana: "To, Yaya, ranar kasuwa mai zuwa za ki kawo rabi, sauran kuma ƙarshen wata." Ki rubuta a gabanta.

Yabo kuwa a bainar jama'a ake yinsa, da suna, da abin da mutum ya yi. "Jama'a, Inna ce ta kwana tana gyaran gyaɗar nan, Allah ya saka mata." Ba ya cin ko kwabo, amma shugabanni da yawa suna rowarsa.

Akwai wani ciwo da ya fi zafin baki kashe ƙungiyoyinmu, shi ne kara. Mun taso da kunya da kawaici, kuma abin kirki ne. Amma shugaban da ba zai iya ce wa surukinsa "ka biya tarar latti" ba, gobe ba shi da bakin ce wa kowa ya biya. Mutane suna kallo. Suna sane da wanda aka ɗaga wa ƙafa, ko ba su faɗa ba. Maganin wannan shi ne dokar ta fara hawa kanka. Ranar da ka makara, ka zaro tararka ka miƙa wa ma'aji a gaban kowa tun kafin ka zauna. Daga ranar, in ka nemi ta wani, ba zai ce ka tsane shi ba.

An ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara kansa zai zuba. Za a zage ka a kan abin da ba ka yi ba. In ranka ya ɓaci a taro, kada ka yanke hukunci a wannan zama. Annabi (SAW) ya koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna. Ka ce, "Mu bar wannan sai mako mai zuwa." Abin da kuma wani ya gaya maka a asirce, ko matarka ko mijinki kada su ji.

Kuɗin jama'a

A nan ne karatun da kuke koya zai yi muku rana. Na ga adashi da ƙungiyoyin da babu ɓarawo ko ɗaya a cikinsu, amma suka watse da gaba, saboda lissafin a ka yake, kai kuwa yana mantuwa. Wannan ta ce ta zuba, uwar adashi ta ce ba ta tuna ba, sai rantsuwa, sai zumunci ya lalace a kan Naira dubu biyu.

Shugaba kada ya riƙe kuɗi. Ma'aji ya riƙe, magatakarda ya rubuta, shugaba ya duba. A sayi littafi mai layi-layi guda ɗaya, a ja masa gida huɗu da rula: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Duk wanda ya biya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban sunansa. Duk abin da aka saya a karɓo rasit, a maƙala shi a shafin ranar. In mai kaya ba shi da rasit, a je sayayya mutum biyu. Kuma a kowane taro, kafin a shiga wata magana, magatakarda ya miƙe ya karanta: an shigo da kaza, an kashe kaza, saura kaza. Ko Naira hamsin ce a faɗe ta.

Yanzu da yawa suna turo kuɗi ta waya. Ba laifi, amma saƙon banki ba ya maye gurbin littafi, domin waya tana ɓata, tana lalacewa. Kada kuma kuɗin ƙungiya ya kwana a asusu ɗaya da kuɗin cefanenka. Da "bari in ranta in mayar gobe" ake farawa, kuma mutanen kirki ne suke faɗa wa wannan rami, ba 'yan damfara ba. In wani ya ce a nuna masa littafi, kada ka ɗauka zargi ne. Miƙa masa da hannu biyu.

Raba aiki

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, amma ita kaɗai ba za ta iya taka kowane gari ba. Sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa kowacce a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar an ba ta amana. Jaji takan jagoranci mata zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar a garuruwansu. Su ne ake kira 'yan taru, kuma aikin ya ci gaba bayan rasuwarta.

Dubi abin da ta yi. Ba aiki kaɗai ta ba su ba, ta ba su da girman da mutane za su gani su saurare su. Idan ka sa wani sayo taki, ka faɗa a taro cewa shi aka wakilta, ka gaya masa buhu nawa, nawa ne iyakar kuɗin, wace rana ake so. Sannan ka sakar masa mara. Kada ka bi shi kasuwa kana sake ciniki a bayansa. In ya yi kuskuren farko, ku zauna ku duba tare, kada ka ƙwace aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar da ba ta iya zama in shugaba ya kwanta zazzaɓi, tun yanzu tana cikin haɗari.

A wurin taro

Allah ya umarci Annabinsa da ya yi shawara da sahabbansa, a Suratu Ali Imrana, aya ta 159. A farkon ayar ma an ce da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya, da sun watse sun bar shi. To, ina ga ni da kai?

In ka kawo magana, kai ne na ƙarshe da zai faɗi ra'ayinsa. Da zarar shugaba ya fara faɗin nasa, sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe", su fita waje su yi ta ƙorafi. Ka kuma san cewa yaro ba zai ja da dattijo a fili ba, amarya ba za ta yi magana gaban uwar mijinta ba. Irin waɗannan ka ji ta bakinsu tun kafin taro, ka kawo shawarar ba tare da ka ce daga wa ta fito ba. Kafin addu'ar tashi, magatakarda ya karanta abin da aka tsayar da wanda zai yi shi.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama shugaba, ɗaya ya zama wanda ya yi mako uku bai biya ba kuma ya girmi shugaban. Ku gwada maganar, sannan ku yi musaya. Sauran 'yan aji su faɗi kalmar da ta yi zafi da wadda ta yi daidai.

Sai lissafi. Ja gida huɗu a littafinka ka shigar da wannan: ragowar makon jiya Naira 3,200. Ƙungiya tana da mutum 20, kowa yana ba da Naira 500, amma mutum ɗaya bai kawo ba. An sayi man inji na Naira 6,000, an biya mai gyara Naira 1,500. Nawa ya shigo a wannan mako? Nawa ya fita? Nawa ya saura a hannun ma'aji?

Aikin gida

Rubuta sunayen mutum uku da suke ƙarƙashin kulawarka, a gida ko a wurin sana'a ko a ƙungiya. A gaban kowane suna rubuta abu ɗaya da ya iya, da aiki ɗaya da kake yi da kanka wanda za ka iya bar masa. A ƙasan shafin kuma rubuta sunan wanda ka taɓa yi wa gyara a gaban mutane. Wannan layin na ƙarshe ba za a karanta shi a aji ba, malami ma ba zai duba ba. Ka je ka same shi kafin darasi na goma.