Kurakuran da aka fi yi wajen jawo hankalin mutum da harshen Urdu

Bahaushe yakan haɗu da masu jin Urdu a kasuwannin Makka da Madina, a shagunan Dubai, ko a wajen karatu a Pakistan. Da yawa kunnensu ya saba da harshen ta hanyar finafinan Indiya, don Urdu da Hindi na hira kusan abu ɗaya ne. A nan matsalar take farawa: kiran da ake ji a fim na abokai ne ko na 'yan faɗa, ba wanda ake yi wa baƙo ba.

Kuskure mafi girma shi ne rikita matakan girmamawa. Urdu yana da "kai" iri uku: tu, tum da aap. Aap shi ne kamar "ku" da muke ce wa babba, sai dai su kowane baƙo suke ce wa haka, ko da sa'anka ne ko direban tasi. Tum na abokai ne da ƙanne. Tu kuwa na ƙaramin yaro ne, ko amini na ƙut da ƙut, ko a addu'a. Idan ka jefa wa baƙo shi, zagi ne. Aikatau ma yana bin wannan tsari. "Saurara" ga mai tu sun ne, ga mai tum suno, ga mai aap suniye. Gaɓa ɗaya ce tsakanin ladabi da raini. Gyaran shi ne ka riƙe ƙarshen -iye: suniye, dekhiye (duba), rukiye (dakata), bataiye (faɗa mini). Ka sa zara a gaba, wato "ɗan", sai maganar ta ƙara laushi: zara suniye. Za ka ji wasu suna cewa aap suno, musamman a Lahore da Delhi, amma mai koyo ya bar wannan gaurayen.

Oye da abe, kiraye-kiraye irin "kai!", ka bar su a fim. Haka yaar, wato "aboki", sai an saba. Tsaki, fito, ko ƙyasta yatsa ga mai kawo abinci duk raini ne.

Sai furuci, inda harafi ɗaya kan sauya ma'ana gaba ɗaya. Idan ka ce soniye maimakon suniye, ka shiga harshen Panjabi, ka kira mace "kyakkyawa" a bainar jama'a. Bhai, ɗan'uwa, yana da iska bayan b. Ba ɓ ɗinmu ba ce. Idan iskar ta faɗi ya zama bai, wadda a Indiya ake kiran 'yar aiki da ita. Sa tafin hannu gaban baki, ka tabbata ka ji hucin. Khala, inna, da harafin خ na Larabci take farawa, wanda duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. Ka ce kala, ka ce "baƙi" na launi. Maaf kuma, wato afuwa, a fitar da f sosai da haƙora a kan leɓe, domin maap awo ne.

Mutane kan rikita suniye da maaf kijiye. Ta farko kira ce, ana yin ta ga mai shago ko wanda ya yi gaba. Ta biyu neman afuwa ce, daidai da "gafara dai": za ka katse wa mutum magana, ko ka ratsa sahu, ko ka taka shi. A cunkoso ka ce maaf kijiye, zara raasta dijiye, wato a ɗan ba ni hanya. Ƙara -ga a ƙarshe, maaf kijiyega, ya fi taushi. Jimloli irin su baraye meherbani, wato "a taimaka", na sanarwa ne da wasiƙa, sun yi nauyi a bakin mai sayen shayi.

Kira ba tare da laƙabi ba shi ma gurgu ne, kamar dai ka tsayar da dattijo ba ka ce Malam ko Baba ba. Namiji sa'anka bhai sahib ne. A ofis ko gaban babban mutum, janab. Dattijo chacha ko baba ji, tsohuwa amma ji ko khala, mace baliga baji, yaro ko yarinya beta. Sahib bayan suna ko muƙami yake zuwa: Haji sahib, Hafiz sahib, ga mace kuma sahiba. Kada ka kira budurwa khala ko anti, za ta ji ka tsofar da ita. Kada kuma ka taɓa kafaɗar mace don ta waiwayo. Tsaya ɗan nesa ka ce baji, zara suniye.

Akwai wata al'ada da za ta yi wa Bahaushe kama da ta gida. A gidajen gargajiya mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce suniye ko suniye ji. Don haka mace mai kiran baƙon namiji ta faɗe ta a taƙaice, da bhai sahib a gaba, ba da jan murya ba.

Ga Musulmi, sallama ta fi duk waɗannan buɗe ƙofa: assalamu alaikum, sannan bhai sahib, sannan buƙata. Idan ba ka san addinin mutum ba, musamman a garuruwa irin su Lucknow da Hyderabad ta Indiya, adaab gaisuwa ce da ba ta da ɓangare.

Idan kai aka kira, kada ka amsa da kya? ita kaɗai, wannan kamar ka ce wa babba "me?" ne. Na'am ɗinsu ji ce. Mai shago zai ce maka ji, farmaiye, wato faɗi buƙatarka, kai ma haka za ka ce wa wanda ya tsayar da kai.