Yadda za ka zaɓi salon yaƙin da ya dace da kai a wasannin sararin samaniya

Kafin ka sauke kowane wasan dabarun sararin samaniya a kwamfutarka, bincika abu ɗaya: a ina ake cin yaƙi a wasan nan? A filin daga, ko tun a wurin ƙera jirage? Ni da wannan nake auna wasa, ba da kyan hotunan talla ba.

Salo biyu ne aka fi sani. Akwai na kai-tsaye, inda lokaci ke tafiya ko ka motsa ko ba ka motsa ba. Akwai kuma na bi-da-bi: ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa, ba mai hanzarta ka.

Idan na kai-tsaye kake son gwadawa, fara da Homeworld, wanda kamfanin Relic ya ƙirƙira, ya fito a 1999. Abin da zai fara rikita ka shi ne jiragen ba gaba da baya kaɗai suke tafiya ba, har sama da ƙasa, kuma sai ka danne madannin Shift wajen ba da umarnin tafiya kafin ka ɗaga su ko ka saukar. Koyi wannan tun ba a fara harbinka ba. Daga nan sai ka kasa rundunarka gida-gida, kowane gida da lambarsa a madannai, ƙananan jirage masu gudu daban, manya masu nauyi daban. Wanda ke neman jirgi da linzamin kwamfuta ana tsakiyar gumurzu, kafin ya same shi an tarwatsa shi. Kada kuma ka yi wasarere da ko ɗaya, domin abin da ya tsira daga wannan yaƙi da shi za ka shiga na gaba. Shi ya sa nake tattalin ƙananan jiragen nan masu jan jirgin abokin gaba su kawo shi gida ya zama nawa.

Na bi-da-bi kuwa, har yau ban ga wanda ya fi koya wa mutum lissafi kamar Master of Orion II na 1996 ba. A farkon wasa za a ba ka zaɓi ko kai za ka ja ragamar yaƙi ko kwamfuta. Ɗauki na farko. Garkuwar kowane jirgi fuska huɗu gare ta, kuma kowane makami yana da kusurwar da yake iya harbi. To aikinka shi ne ka tara wuta a fuska ɗaya ta jirgi ɗaya har ta fashe, kai kuma ka juya ɓangarenka da ya raunana daga inda ake harbo ka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: jirage biyar a kan guda sun fi biyar a kan biyar, don jirgin da ya ji rauni yana nan yana harbi, wanda ya tarwatse ne kaɗai ke yin shiru. Aibinsa dai, idan daula ta bunƙasa jirage suka yi yawa, yaƙi ɗaya sai ya cinye maka dare. Idan nasara ta tabbata, miƙa wa kwamfuta ta ƙarasa, ba abin kunya ba ne.

Mai jin hannunsa ba shi da sauri amma yana son ganin wuta na tashi, FTL na 2012 ne nasa. Lokaci na tafiya, amma dogon madannin nan na ƙasa yana tsayar da komai, kuma kana iya ba da umarni a tsaye. Dabarar da zan ba ka: kashe harbin da makamai ke yi da kansu. Garkuwar abokin gaba takan farfaɗo cikin ɗan lokaci, saboda haka harbi ɗaiɗai asara ne. Jira duk makamanka su cika, ka dakatar, ka saita su a ɗakin makamansa ko na garkuwarsa, sannan ka sake su a tare.

Stellaris na kamfanin Paradox, wanda ya fito a 2016, shi ke yaudarar mutane. Shi ma na kai-tsaye ne mai dakatarwa, sai dai da zarar runduna biyu sun haɗu, kusan ɗan kallo ka koma. Abin da ya rage maka bai wuce turo gudummawa ko janyewa ba. A nan leƙen asiri ne aikin. Duba jiragen maƙwabcinka tun ana zaman lafiya: idan garkuwa ya fi dogara da ita, ɗora bindigogi masu harsashi, idan sulke ne, ɗora leza. Wanda ya shiga wasan yana jiran ya sarrafa kowane jirgi zai fita da haushi.

Sword of the Stars na 2006 ya haɗa biyun, mulkin daula bi-da-bi, yaƙi kuma kai-tsaye na 'yan mintoci.

In za ku buga da abokai ta intanet, ku daidaita tun farko a kan wa ke da ikon dakatarwa, ko mintoci nawa kowa zai ɗauka kafin ya miƙa. Mutum ɗaya mai dogon nazari ya isa ya sa sauran su watse.