Yadda Ake Fito da Ƙashin Dabbar Teku ta Dā Daga Dutsen Farar Ƙasa

Idan aka kawo mini dutsen farar ƙasa ana zaton akwai ƙashi a ciki, ba na taɓa guduma. Ruwa kaɗan nake shafa wa wurin, in duba da gilashin ƙara girma. Ƙashin da ya zama dutse yakan fi uwar dutsen duhu, ruwan ƙasa ko baƙi, kuma inda ya karye za ka ga 'yan ƙofofi birjik kamar soso. Dutse zalla ba shi da wannan.

Daga nan sai ka nemi sanin wacce ce cikin dabbobin teku masu jan ciki na zamanin dā, irin su iktiyoso, filesiyoso da mosaso, kuma ƙashin gadon baya ne ya fi saurin nuna maka. Na iktiyoso, wadda ke da siffar kifi, gajere ne zagayayye, da rami a fuskokinsa biyu. Na filesiyoso mai dogon wuya yana da 'yan huji biyu ta ƙasa. Na mosaso kuwa, mai kama da ƙaton ƙadangare, gaba rami ne, baya tudu. Kafin ka ɗaga komai, ɗauki hoto da ma'auni a gefe, ka rubuta wurin da kuma shimfiɗar dutsen da ya fito. Ƙashin da ba a san inda aka samo shi ba ya yi asarar rabin amfaninsa ga masana. Kuma ka nemi izini, don ƙasashe da yawa sun hana tonon irin waɗannan ba tare da takarda ba.

Abin da ya sa nake ƙaunar dutsen farar ƙasa shi ne asid yana cinye shi ya bar ƙashi. Dutsen kalsiyam kabonet ne, ƙashin kuwa kalsiyam fosfet, wanda ya fi jurewa. A gidan tarihin halittu na Landan, Harry Toombs da Arthur Rixon suka inganta wannan dabara a tsakiyar ƙarni na 20, har yau kuma ita ake bi. Asid ɗin asetik ake amfani da shi, irin wanda ke cikin ruwan khal, a surka shi da ruwa ya zama kamar kashi 5 cikin 100. Kada ka yarda da asid ɗin haidirokilorik don gaggawa, zai ci ƙashin tare da dutsen.

Ka fara shafa wa duk ƙashin da ya bayyana gam ɗin Paraloid B-72 da aka narkar a asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, ka bari ya bushe sarai. Sannan ka tsoma dutsen cikin asid ɗin a roba, wurin da iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau. Za ka ga 'yan kumfa suna tashi daga jikinsa a jere. Dutsen ne ke narkewa. Bayan 'yan sa'o'i ka ciro shi. Nan ne mutane ke yin sake: wanki. Sai ya jiƙa a ruwa mai tsabta, ana canzawa, ya ninka zaman da ya yi a asid aƙalla sau uku. In ba haka ba gishirin da asid ɗin ya bari bayan ya narkar da dutsen zai tsiro cikin ƙofofin ƙashin ya farfasa shi daga ciki. Ka busar, ka shafa gam a sabon wurin da ya fito, ka sake tsomawa. Ƙoƙon kai ɗaya yakan ci watanni.

Ba kowane dutse ake kai wa asid ba. Shimfiɗun Solnhofen da ke Bavaria a Jamus, masu shekara kusan miliyan 150, lallausan dutse ne ƙwarai, har an sami iktiyoso a cikinsu da shatin jikinta kewaye da ƙasusuwan. Asid zai shafe wannan shatin baki ɗaya. Irin wannan sai allura a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan abubuwa, ana ɗauke dutsen ƙwaya-ƙwaya, ana hure ƙurar bayan kowane ɗan ci.