Yadda na gyara tsokar bayan cinyata da ta yage

Muna ƙwallo bayan la'asar na zabura da gudu ban ɗumama jiki ba, sai na ji kamar an tsinke min igiya a bayan cinya. Da dare na gasa da ruwan zafi, aka murza min man zafi. Kashegari wurin ya kumbura, ya yi baƙi, ko ruku'u ban iya ba, a zaune na yi sallah.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce ba targaɗe ba ne. Targaɗe a gaɓa yake, wannan kuwa zaruruwan tsoka ne suka yage kusa da inda take haɗuwa da jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi. Zafi da tausa a kwanakin farko suna ƙara zubar jini a ciki, shi ya sa abin ya ta'azzara.

Na koma ƙanƙara a cikin tawul, minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 3, na ɗaure da bandeji, ina ɗora ƙafar a kan matashi. Kwana 3 na yi a haka. Sai tafiya a hankali, sai kwanciya rigingine ina ɗaga ƙugu sau 10, ina ƙarawa kullum muddin ba zafi mai tsanani. Nan ne na fi shan wahala, domin a mako na 2 ciwon ya lafa, zuciya tana ta jana fili, alhali tsokar ba ta gama haɗewa ba.

Sai a mako na 5 na soma sassarfa, bayan na iya miƙe ƙafar daidai da ɗayar ba tare da jin komai ba.