Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗaura Na'urar Nuna Hanya a Kan Babur da Yadda Ake Gyara Su

Masu kai saƙo a Kano da Kaduna da Abuja, da matafiyan da ke shiga garuruwan da ba su sani ba, da yawansu yanzu sun dogara da na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, wadda aka fi sani da GPS. Kaɗan ne ke sayen na'urar da aka ƙera musamman domin babur, irin Garmin zumo ko TomTom Rider, saboda tsadarta. Akasari wayar hannu ce ake ɗaurawa a kan sitiyari a buɗe Google Maps. Ko wacce ce daga cikin biyun, idan ta ba da matsala akan ɗora laifin a kan sabis ko a kan taswira, alhali yawancin matsalolin suna farowa ne tun kafin a tayar da inji, a wurin ɗauri da wurin jona wuta da kuma shirin da aka yi sakaci da shi.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne raina jijjigar inji. Mutum zai sayi mariƙin waya na ƙarfe mai araha, ya ɗaure shi tamau a jikin sitiyari, ya ga wayar ba ta motsi, sai ya ɗauka aiki ya yi kyau. Abin da bai lura da shi ba shi ne, babur mai silinda ɗaya, irin Boxer da Jincheng da Haojue da suka cika titunanmu, yana aika jijjiga mai sauri ta cikin ƙarfen sitiyari, kuma mariƙin da babu roba a tsakaninsa yana isar da ita kai tsaye cikin wayar. A cikin kyamarar wayoyi masu tsada akwai ƙananan sassa masu motsi waɗanda ke hana hoto rawa, su kuma daidaita gani, kuma su ne ke fara lalacewa. Alamar ita ce kyamarar ta soma karkarwa ko ƙara idan an buɗe ta, hoto ya riƙa fitowa dishi-dishi. Wannan ba zato ba ne: a watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa jijjigar manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone, ya kuma ba da shawarar cewa ko a kan ƙananan babura a yi amfani da mariƙi mai rage jijjiga, kada kuma a mayar da ɗaurin abin kullum na tsawon lokaci. Gyaran shi ne a nemi mariƙi mai roba ko ƙananan sifirin tsakanin ƙafarsa da wurin da waya ke zama. Wanda sana'arsa ke sa shi yini a kan babur, a ganina ya fi masa alheri ya ware tsohuwar waya mai sauƙin kuɗi domin taswira kaɗai, ya bar wayarsa mai kyau a aljihu tana ba ta intanet. Ko tsohuwar ta lalace ko an fizge ta, asarar ba za ta kai ta wayar da ke ɗauke da manhajar banki da lambobin abokan ciniki ba.

Daga nan sai zaɓen wurin ɗauri. Wasu suna ɗaura mariƙin a sandar madubi, wadda siririya ce kuma tana ƙara rawa, har noti ya kwance madubin ya juya. Wasu suna sa shi ƙasa a kan tankin mai, inda dole mutum ya sunkuyar da kai gaba ɗaya kafin ya ga allo. Wurin da ya dace shi ne kusa da tsakiyar sitiyari, a sama gwargwadon yadda ido zai sauka kaɗan ya koma kan titi, ba tare da an rufe mitar gudu ko ramin makulli ba. Kaurin sitiyarin yawancin ƙananan babura milimita 22 ne, don haka a tabbatar bakin mariƙin ya dace da shi, kada a cusa tsumma ko takarda domin cike gibi. Idan akwai gibi, yankin tsohon tib na taya ya fi riƙewa. Bayan an ɗaure, akwai gwajin da kusan kowa ke mantawa: a juya sitiyari har ƙarshe ta dama, a juya har ƙarshe ta hagu, a duba ko na'urar tana bugun tanki, ko tana danne wayar birki da ta kuloci da ta totur, ko igiyar caji tana miƙewa har ta ja. Totur da ya maƙale a tsakiyar kwana hatsari ne babba, kuma mariƙin da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba yana iya haddasa shi.

Noti kuwa yana kwancewa a hankali, musamman a hanyar burji mai gargada, saboda haka a riƙa taɓa shi da sifana lokaci zuwa lokaci. A kuma ƙara wata 'yar igiya da za ta haɗa rigar wayar da sitiyari, domin idan aka faɗa rami mariƙin ya saki, wayar ta tsaya a rataye maimakon ta faɗa ƙarƙashin tayar motar da ke biye. A unguwannin da ƙwacen waya ya yi yawa, da kuma cikin cunkoso bayan magariba, allo mai haske a kan sitiyari yana jawo ido. Gara a cire wayar a sa a aljihun gaba, a bi umarnin murya.

Jona wuta shi ne wuri na biyu da ake yawan yin ɓarna, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Taswira da allo mai cikakken haske suna shan caji da sauri, don haka sai an jona caja a jikin babur. Batirin babur volt 12 ne, waya kuma volt 5 take karɓa ta USB, saboda haka akwai ɗan akwatin da ke rage wutar a tsakani. Kuskure na farko shi ne a haɗa wannan caja kai tsaye da kawunan batir ba tare da ta bi ta makulli ba. Irin wannan caja tana ɗan shan wuta ko da babu waya a jikinta, batirin ƙaramin babur kuwa ba shi da yawan ajiya, sai a ajiye babur na wasu kwanaki a dawo a tarar sitata ba ta ko motsi. Kuskure na biyu shi ne a ɗauko wutar daga wayar fitilar gaba. A ƙananan babura da yawa fitilar gaba tana ci ne kai tsaye daga kwayil, wutarta tana hawa da sauka tare da ƙarar inji, kuma ba irin wutar batir ba ce, don haka tana iya ƙona caja, wani lokaci har da wayar hannun. Abin da ya dace shi ne a gaya wa mai rewaya ya nemi layin da ke kawo wutar batir sai an murɗa makulli, kamar wanda ke zuwa ham ko makunnin fitilar birki, ya gwada shi da mita kafin ya yanka komai. Kuskure na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne barin layin babu fis. Waya ce siririya da ke bi kusa da tankin fetur. Idan fatarta ta goge ta taɓa ƙarfen jikin babur, babu abin da zai katse wutar sai ta yi zafi ta narke. Ƙaramin fis na amfiya 2 ko 3, wanda aka sa kusa da inda aka ɗauko wutar, ya wadatar ga caja ɗaya. A kuma bi da wayar ta gefen sauran wayoyin babur, nesa da kan inji da salansa, a ɗaure ta da kyau, a bar mata ɗan sarari a wuyan sitiyari domin juyawa.

Zafi ma ana raina shi. Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yana wuce 40 tun a inuwa. Wayar da ke fuskantar rana, tana caji, allonta a ƙure, za ta rage haske da kanta, ta daina karɓar caji, daga baya ta kashe kanta, kuma batirinta yana tsufa da wuri ko ya kumbura. Jakar leda mai zif da ake sayarwa domin kare ruwa ita ce ta fi ƙara wannan matsala, domin tana tare iska ta tara zafi. A bar ta sai damina. A lokacin bazara mariƙi buɗaɗɗe mai ɗan rufi a sama ya fi, kuma a duk inda aka tsaya a cire wayar daga rana. Da damina kuwa kada a yi caji alhali ramin cajin yana jiƙe, domin ruwa da wuta tare suna cinye ƙananan haƙoran da ke ciki. Na'urorin da aka ƙera domin babur sun fi a nan: masu alamar IPX7 suna jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, kuma allonsu yana amsa safar hannu.

Akwai kuma wata rashin fahimta da ta yaɗu, cewa idan sabis ya ɗauke GPS ma ya ɗauke. Ba haka ba ne. Taurarin GPS, waɗanda Amurka ke gudanarwa, suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kuma na'ura tana sauraron saƙonsu ne kawai. Idan ta ji aƙalla huɗu za ta gane inda take ba tare da data ba. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar kansa da lissafin hanya. Wanda ya bar gari bai sauke taswirar yankin da zai bi ba, zai ga ɗigon da ke nuna shi yana tafiya a kan farin allo babu titi babu suna. Gyaran yana ɗaukar 'yan mintoci a gida: a sauke taswirar yankin cikin Google Maps, ko a sa wata manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps da ke aiki babu intanet, a kuma riƙa sabunta abin da aka sauke. A duba kuma cewa tsarin tsimin batir bai hana manhajar sanin takamaiman wuri ba, domin shi ne ke sa ɗigon ya riƙa tsalle ko ya tsaya cak. Idan kibiyar tana nuna wata fuska daban alhali ana tsaye, sau da yawa mariƙi mai maganaɗisu ne ya rikita kamfas ɗin wayar.

Mutane da yawa ba su san cewa tun 2019 Google Maps ya kawo tsarin babur a Nijeriya da Gana da Benin da Togo ba, sai su bar manhajar a tsarin mota, ta kai su zagaye mai nisa. Waɗanda suka san da shi kuma wasu lokuta suna ba shi amanar da ta wuce kima. Taswira ba lallai ta san dokar da wata jiha ta kafa ta hana hawa babur a wasu tituna ko bayan wasu sa'o'i ba, kuma irin waɗannan dokoki an sha kafa su a Legas da jihohin arewa da dama da yankin Diffa na Nijar. Ba ta san cewa hanyar da ta ratsa fadama, wadda ake bi lafiya da rani, ta zama kogi a watan Agusta ba. Mafi muhimmanci, ba ta san dajin da ba a shiga saboda rashin tsaro ba. Lissafinta tsawon hanya ne da lokaci. Duk lokacin da ta ce a sauka daga kwalta a bi wata gajeriyar hanya a yankin da ba a sani ba, a tsaya a tasha ko gidan mai a tambayi direbobi da 'yan acaɓan wurin. Wannan ba abin sassauci ba ne, domin rai ake magana.

Sunayen wurare ma suna ɓatar da mutane. Akwai Sabon Gari a Kano, akwai a Zariya. Akwai Tudun Wada a Kaduna da Zariya da Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Kano. Wanda ya rubuta suna ya danna na farkon da ya fito ba tare da ya duba nisan da aka nuna ba yana iya kama hanyar wani gari. A duba dukan layin tafiyar daga farko zuwa ƙarshe kafin a tashi, kuma idan gida ake nema a unguwar da ba ta da lambobi, a roƙi mai gidan ya turo wurin da yake ta WhatsApp, tare da wata alama da ido zai gani, kamar masallaci ko makaranta. A cikin lungunan tsohon birni, inda katangu suka matse sama, da kuma ƙarƙashin gadar sama, saƙon taurarin yana raunana, na'urar kuma ba ta cika bambance wanda ke kan gada da wanda ke ƙarƙashinta ba, don haka a nan allunan titi da tambaya sun fi allo amfani.

Saura kuskuren da ke kai mutane asibiti, wato taɓa allo ana cikin tafiya. Babur mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, ma'ana wanda ya kalli allo na daƙiƙa 3 ya yi tafiyar mita 50 bai ga gabansa ba, hannunsa ɗaya kuma ba ya kan sitiyari. A cikin wannan tazara mai Adaidaita Sahu zai iya tsayawa ɗaukar fasinja, ko yaro ya tsallaka. Adireshi ana rubuta shi ne a tsaye, ƙafa a ƙasa. A kunna umarnin murya, a saurara ta na'urar Bluetooth da ake maƙalawa a hular kwano ko ta kunne ɗaya kawai, ɗayan a bar shi yana jin ham da ƙarar motar da ke tahowa daga baya. A kashe sanarwar saƙonni yayin tafiya, domin su ne ke jan ido fiye da taswirar. Da dare a rage hasken allo, a sa shi a launin duhu, saboda farin allo yana kashe ido ya hana ganin rami. Idan kuma aka wuce kwanar da aka ce a shiga, kada a taka birki kwatsam ko a yanko titi ko a juyo a bi hannun da ba nasa ba. A ci gaba da tafiya, manhajar za ta sake lissafa wata hanya cikin 'yan daƙiƙu, ko kuma a nemi gefen titi mai sarari, a kunna sigina, a tsaya a duba.