Yadda na mai da tsohon DT 125 moton lantarki a Tawa

Shekara biyu Yamaha DT 125 ɗina tana jingine a bayan gareji, injin ya ci kansa, amma ƙashinta lafiya lau. Garkar albasarmu kilomita 18 take daga gari, rabin hanyar burji, rabi yashi da duwatsun Adar, kuɗin isansi kuma yana cinye ribar. Shi ya sa na cire injin na sa mata lantarki. Ɗan'uwa, in kana da irin wannan niyya, kafin ka sayi ko waya ɗaya, ka fara auna tafiyarka ta kullum, zuwa da dawowa, domin ita za ta faɗa maka girman batirin da kake bukata.

Ga yadda na yi nawa lissafin. Na haɗa ƙwayoyin batirin litiyam irin LiFePO4 guda 24 a jere, kowace volt 3.2, suka ba da volt 76.8. Ƙarfinsu amfiya 40 a awa, wato wajen wat 3,000 a awa ke nan a ajiye. A kan burji motona tana shan kamar wat 40 kowane kilomita, cikin yashi mai zurfi ta kai 60. Ka yi lissafi da na yashin, ka bar kashi ɗaya cikin biyar a batiri kada ka tatse shi, sai ka ga kilomita 40 ne naka na gaskiya. Garka da dawowa 36. Ya ishe ni. Amma wanda yake son zuwa Ƙwanni, fiye da kilomita 100, wannan batirin ba nasa ba ne.

Injin lantarki iri biyu ne. Akwai wanda ake sakawa cikin tayar baya, ya fi sauƙin ɗaurawa, ni ma da shi na fara. Nauyinsa duk yana kan taya, kowane dutse sai ya ji shi. Cikin wata biyu na tarar da wayoyin tayar uku sun tsinke. Na koma wanda ake ɗaurawa a tsakiya, inda tsohon injin yake, yana jan taya da sarƙa. Nawa QS138 ne na wat 3,000, mai giya a cikinsa da ke rage gudun juyawa, tare da kwanturolar Votol, na'urar da ke sarrafa wutar da batiri ke ba injin.

Cire inji, salansa, karbireta da wayar kuloci aikin hantsi ɗaya ne. Inda aikin yake shi ne mazaunin sabon injin. Ka yanka kwali tukuna, ka gwada, sannan ka kai wa mai walda ya fitar da shi a ƙarfe mai kauri. Ƙaramin faifan haƙora na gaba ya zauna kusa da ƙusar da hannun tayar baya ke lilo a kanta, in ba haka ba sarƙa za ta riƙa ɗamewa tana saki duk lokacin da moto ta faɗa rami. Ka miƙa zare daga faifan baya zuwa na gaba ka tabbata suna kan layi ɗaya. Na baya kuwa ka sa babba: gudu zai ragu, amma yashi ba zai riƙe ka ba.

Zafin Tawa shi ne abin da na fi so ka ji. Na zaɓi LiFePO4 duk da nauyinsa, kusan kilo 30 da akwati, saboda ya fi sauran batiran litiyam jure zafi, kuma ba ya saurin kamawa da wuta. Duk da haka a watan Afrilu na bar moto a rana bakin rijiya, akwatin baƙin fenti ne, da na taɓa shi sai da na janye hannu. Na'urar BMS mai tsaron ƙwayoyin ta yanke wuta, na zauna ƙarƙashin bedi har la'asar kafin ta yarda. Washegari na shafe akwatin da farin fenti, na sa soso tsakaninsa da ƙwayoyin, na toshe duk kafar da ƙura za ta shiga. Kada ka yi caji in batiri ya wuce digiri 45. Ka bari ya huce, bayan isha'i ya fi. Cajar amfiya 10 mai volt 87.6 tana cika nawa cikin awa huɗu da ɗan abu.

Wajen haɗa wayoyi, cire zobe da agogo, naɗe sifana da tef. Fis da makunnin yanke wuta su zo dab da batiri, wayoyin su zama masu kauri. A irin motona fitila da oda volt 12 suke ci, sai ka sa musu ƙaramar na'urar rage wuta.

Ranar gwaji ka ɗaga tayar baya sama, ka murɗa a hankali ka ga ta ina take juyawa. Ka gyara birki gaba da baya, don yanzu babu giyar da za ka rage da ita a gangare. Odar ma ka sa mai ƙara: moton ba ta da kuka, jakuna da yara masu kiwo ba sa jin zuwanka sai ka iso kansu.